Yadda Ake Gane Ƙarfin Mota Kafin A Biya Kuɗi: Doki Da Murɗa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin cinikin mota a Tanut ko Damagaram ya ji wannan tambaya: "Dokinta nawa?" Mai sayarwa ya faɗi lamba, mai saye ya gyaɗa kai, a ƙulla ciniki. Bayan wata biyu ka tarar da motar a hanyar Belbeji ta kafe cikin rairayi, buhunan gero a bayanta, yaran mota suna tono da hannu. Na gaji da jin wai mai doki da yawa ita ce mai ƙarfi. Na daɗe ina jigilar kaya tsakanin Bakin Birji, Gangara da ƙauyukan Tarka, ga kuma yadda nake duba mota in zan saya ko in an kira ni shawara.

Da farko, mayar da kartigiris aljihu. Lambar dokin da ke cikinta, 7 ko 11 ko 13, ta haraji da inshora ce, gwamnati ke lissafa kuɗi da ita. Motar da aka rubuta wa 11 tana iya zama mai doki ɗari da wani abu. Wanda ya nuna maka wannan lamba a matsayin ƙarfin inji, ko bai sani ba ko yana so ya rufe ka.

Sai ka nemi sunan injin. Yana kan ɗan ƙarfen da aka manna a ƙarƙashin bonet ko a bakin ƙofa: 1HZ, 5L, 2KD, 2TR da sauransu. Sa sunan a intanet ta wayarka, ka kwafo lambobi huɗu: doki, da juyin da ake samunsa, murɗa, da juyin da ake samunta. Mutane suna kwafo biyu su bar biyu, kuma waɗanda suke bari su ne maganar.

Murɗa ita ce abin da Faransawa ke kira kupul, ana auna ta da Nm. Ka san ta tun kana yaron mota, sunanta ne ba a faɗa maka ba. Notin taya ya ƙi kwancewa, ka zura bututu a sifana, ka danna, ya saki. Ƙarfinka bai ƙaru ba, tsawon hannun sifanar ne ya ƙaru. Nauyin kilo 20 a ƙarshen bututu mai mita ɗaya yana ba da murɗa wajen Nm 200. To inji ma haka yake murɗa ƙarfen da ke cikinsa, kuma wannan murɗar ce ke tayar da mota daga tsaye.

Doki kuwa aiki ne haɗe da sauri. James Watt ɗan Sikotland ne ya fito da ma'aunin a ƙarshen ƙarni na 18, don ya nuna wa masu dawaki yawan dabbobin da injinsa na tururi zai maye. Dokin da ake rubutawa a takardun Faransa ma'anarsa ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, wato wat 735 da ɗan ɗori. Je bakin rijiyar makiyaya a Damargu ka gani da idonka. Raƙumi yana jan babban guga a hankali, jakai suna jan ƙananan gugaye suna ta kai da komo. Zuwa azahar ruwan da suka zuba a kwami yana iya zama ɗaya, wannan shi ne doki. Amma ɗaura wa jaki gugan raƙumi ka gani ko zai taso da shi daga ƙasan rijiya.

Yanzu lissafi, kuma ɗaya ne tak: murɗa sau juyin inji a minti, a raba da 7000, ya ba ka doki.

Ɗauki motoci biyu da kowa ya sani. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai gazuwal, lita 4.2, silinda shida, wanda Toyota ta fara yi a 1990, dokinsa wajen 130 ne a juyi 3800, murɗarsa Nm 285 a juyi 2200. Corolla mai lita 1.8 ta farkon shekarun 2000 ita ma dokinta wajen 130 ne, amma sai inji ya kai juyi 6000, murɗarta kuwa wajen Nm 170 a juyi 4200. A bakin dillali ƙarfinsu ɗaya. To yi lissafin a juyi 2200, inda direba ke yini. Land Cruiser: 285 sau 2200 a raba da 7000, doki 90 ke nan a hannunka. Corolla, ko an yi mata kara an ba ta cikakkiyar 170 ɗinta, 53 za ta ba ka. Sauran dawakinta suna can sama, sai ka sa inji ya yi ihu kafin su fito. A kwaltar RN11, daga Tanut zuwa Damagaram ko arewa wajen Adarbisinat, Corolla za ta wuce ka kamar kana tsaye, kuma nan ne amfanin dokinta. Da an sauka daga kwalta labari ya sake.

Kada ka manta da giya, don ita ce bututun da ake zura wa sifana. Giya ta ɗaya tana ninka murɗa wajen sau huɗu, difaranshal ya sake ninkawa wajen sau huɗu, Nm 285 ta koma fiye da 4000 a taya. In ka sa taimako, wato L4, ta sake ninkuwa kusan biyu ko fiye. Abin da ka samu na murɗa ka biya shi da gudu, dokin inji bai ƙaru ko ɗaya ba. Daga nan za ka gane ɓarnar manyan tayoyin da samari ke sakawa don ado: taya ta ƙara girma, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu, mota ta koma raguwa a tashi, mai ita yana zagin inji.

Gwaji shi ne inda na sha wuya, shi ya sa zan daɗe a kansa. Na taɓa sayen akori-kura mai esansi a hannun wani mutum a Maradi. Na gwada ta fanko a kwalta, ta tashi kamar barewa, na biya ina murna. Tafiyata ta uku da kaya, tsakanin Gangara da Belbeji, muka shiga wani dogon rairayi. Inji ya fara mutuwa a giya ta biyu, na riƙa taka kuloci rabi-rabi don juyi ya tashi. Yarona ya ce, "Maigida, ina jin ƙauri." Kafin in tsaya farantin kuloci ya ƙone. Kwana biyu muka yi a gindin aduwa, kuɗin gyara da na jan mota suka cinye ribar kakar nan gaba ɗaya.

Tun daga ranar ba na gwada mota fanko. Ɗora mata irin kayan da za ta riƙa ɗauka, ko buhu goma ne na aro. Mai sayarwa ya ƙi, ka yi masa sallama. Bari inji ya yi zafi, sannan ka sa giya ta uku kana tafiya a hankali, juyi wajen 1500, ka taka totur har ƙasa. Lafiyayyen inji mai murɗa zai ja, gudu ya riƙa ƙaruwa ba gargada. In ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa. In mota ta kama kakkarwa tana fitar da baƙin hayaƙi, ko inji ya gaji, ko famfon mai da inzektoci suna son gyara. Kafin ka yanke hukunci, buɗe matatar iska ka kaɗe ta, don ƙurar hunturu kaɗai tana iya shaƙe inji har ka rantse ya mutu. Tsofaffin akori-kura da yawa ba su da agogon juyi, sai ka yi da kunne. Daga nan ka nemi rairayi na gaske, ka tsaya cak a tsakiyarsa, ka sake tashi. Lambobin takarda na sabon inji ne ranar da ya fito daga kamfani, wanda ke gabanka kuwa ya yi shekara ashirin yana shan ƙura.

Wani gargaɗi, don kada a ce na ce murɗa ce komai. Rairayi mai laushi yana cin ƙarfi sosai, kuma hawan tudu yana son gudu, gudu kuwa doki ne. Direban da ya shiga rairayi da babbar giya, inji na gurnani ƙasa da juyi 1500, wai yana tattalin mai, lagireto zai tafasa masa. Zaɓi giya tun kafin ka shiga, riƙe juyi tsakanin 2000 da 2800 in gazuwal ce, kada ka canza giya a tsakiya. Rage iskar taya zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta. Wannan ragin iska ya fitar da motoci fiye da duk wani doki da na sani.

Hilux masu turbo, kamar 2KD mai lita 2.5, akwai mai doki 102 da murɗa Nm 260 tun daga juyi 1600. Suna ja da kyau, ba sa shan mai sosai, amma ba sa yafe gurɓataccen mai. Matatar mai ta SORAZ tana nan cikin gundumar Tanut tun 2011, don haka sha a gidan mai, ka rabu da na kwalba. Ni dai 1HZ nake so. Nawa ne da shi, kowa ya wuce shi a kwalta, amma famfonsa ba ruwansa da kwamfuta, kuma bakaniken da ke gefen tasha zai kwance shi ya ɗaura.

In aikinka ɗaukar fasinja ne a kwalta, sayi mai doki ka huta. In kuwa gero da dabbobi za ka riƙa kwasowa daga ƙauyukan Belbeji da Tenhiya, nemi wadda murɗarta ta kai Nm 250 ko fiye a ƙasa da juyi 2500, mai taimako, kuma kada ka ba da ko dala sai ka ga ta tashi da kaya daga cikin rairayi.