Yadda Ake Gano Abin da Ke Damun Firinta Kafin a Kira Mai Gyara

Firintar lesa irin wadda ta cika ofisoshi da shagunan buga takardu, kamar HP LaserJet 1020 ko P1102, tana nuna inda ciwonta yake a jikin takardar da take fitarwa. Matsalar ita ce ba kowa ke tsayawa ya duba ba. Da zarar rubutu ya dushe, sai a ce tona ta ƙare, a aiki yaro ya kai katirij a ɗura. In takarda ta maƙale sau biyu a jere, sai a ɗora na'urar a kan babur, sai wurin mai gyara. Sau da yawa kuɗin da aka kashe ko kusa da ciwon bai je ba.

Wanda zai sa hannu a cikinta ya fara sanin abin da ke faruwa daga lokacin da takarda ta bar tire zuwa lokacin da ta fito da ɗumi. Dabarar ta samo asali ne daga buga hoto da cajin lantarki da Chester Carlson ya gwada a Amurka a 1938. Daga baya Gary Starkweather na kamfanin Xerox ya haɗa ta da hasken lesa, kuma a 1984 HP ta fito da LaserJet ta farko, da injin Canon a cikinta. Har yau tsarin bai sauya ba. A cikin katirij akwai diram, wani dogon bututu mai sheƙi wanda fatarsa ke riƙe caji muddin haske bai taɓa ta ba. Wata siririyar rola tana caja shi, lesa ta zana shafin a jikinsa ta hanyar sauke cajin a duk inda rubutu zai zauna, garin tona ya manne a wuraren nan. Sai takarda ta biyo ta ƙarƙashi, wata rolar ta janyo garin ya koma kanta. A nan rubutun gari ne kawai, ko da yatsa ka shafa zai goge. Abin da ke zaunar da shi shi ne fiyuza, wadda aikinta irin na dutsen guga ne: zafi mai kusan digiri 200 da matsi, su narkar da garin ya kama takarda. Duk wata matsala tana zaune ne a ɗaya daga cikin waɗannan zangon, aikinka kawai ka gano wanne.

Fara da wuta. Fiyuza tana jan lantarki mai yawa a lokacin da take ɗaukar zafi, shi ya sa ƙwan ɗaki ke yin ƙasa in firinta ta tashi a kan ƙaramin janareta. Kada ka jona ta a ƙaramar UPS ta kwamfuta, ko a dogon soket ɗin da ya riga ya ɗauki fanka da firij. Ba ta soket nata ita kaɗai a bango, in akwai sitabilaiza mai ƙarfi ya fi. In kuwa firintar ta hannu ce da aka shigo da ita, juya bayanta ka karanta tambarin da ke kusa da inda waya ke shiga. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana aiki da bolt 110 zuwa 127, mu kuwa wutarmu 220 zuwa 240 ce. Cajar laftof tana karɓar kowacce, firintar lesa ba ta karɓa. Jonawa ɗaya ba tare da taransifoma ba ta isa ta ƙone allon wutarta.

In ta kunnu amma ta ƙi bugawa, raba gardama tsakaninta da kwamfuta kafin komai. Firintocin da ke da allo ko maɓallai suna iya buga shafin bayanin kansu ba tare da kwamfuta ba. In shafin ya fito sumul, firinta lafiyarta lau, laifin yana kebul ko kwamfuta. Ƙananan irin 1020, waɗanda kwamfuta ce ke yi musu kusan dukan tunani, sai dai a gwada su da wani kebul da wata kwamfutar.

A ɓangaren Windows, abubuwa kaɗan ne ke ta maimaita kansu. Wani lokaci an sauya ramin USB, sai kwamfuta ta ƙirƙiri firinta ta biyu mai suna iri ɗaya, aiki yana ta tafiya wurin tsohuwar da ke nuna Offline. Duba jerin firintoci ka zaɓi mai rai. Wani lokaci kuma aiki guda ne ya lalace ya tare layi, kowa ya danna bugawa sau goma, layin ya ƙara tsawo. Maganinsa: buɗe services.msc, tsayar da Print Spooler, shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge abin da ke ciki, sannan ka sake tayar da shi. In firintar a kan netiwok take, jiya tana aiki yau ta ɓace, mai yiwuwa rauta ta ba ta sabuwar lambar IP bayan an ɗauke wuta. Shafin bayanin nan zai nuna lambar da take kai yanzu, a gyara a kwamfuta, kuma a kafa mata lambar dindindin don kada a sake. In kuwa tana ta zubo shafuka masu layi ɗaya na baƙaƙen da ba su da ma'ana, direban da aka sa ba nata ba ne, ko kebul ya fara mutuwa. Kashe ta, share layin, sauko da direban daidai lambarta daga shafin kamfaninta.

Sai maƙalewar takarda, wadda ta fi komai ɓata wa ma'aikaci rai. Kashe na'urar, buɗe murfi, zare katirij ka ajiye shi a inuwa ka rufe da takarda, domin haske na lalata diram. Kama takardar da hannu biyu ka ja a hankali, zuwa inda dama take tafiya in da hali. Kada ka fizga. In ta fito, shimfiɗa ta ka ga ko akwai kusurwar da ta yage, domin guntun da bai kai farce ba yana iya danne ɗan harshen robar da ke gaya wa firinta cewa takarda ta wuce, ta yi ta kukan maƙalewa alhali babu komai a hanya. Kuma don Allah a bar cusa wuƙa, almakashi ko sukundireba a cikin fiyuza. Fatar da ke lulluɓe da ita ba ta fi leda kauri da yawa ba. Yanka ɗaya, kowane shafi zai fito da tabo har sai an sauya ta. Ga zafi kuma, a ba ta mintuna ta huce.

Fitar da takarda rabin aiki ne. Inda ta tsaya shi ke faɗin dalili. In tun a bakin tire ta ƙi tashi, kana jin rola na juyawa a banza, rolar ɗauka ce ta yi santsi da ƙura. Zare ta, goge da tsumma mai ɗan laima wanda ba ya zubar da zare, bar ta ta bushe. In ta riga ta suɗe tana ƙyalli, sabuwa ba ta da tsada. In firinta na jan biyu ko uku a tare, ɗan faifan robar da ke raba takardu ne ya cinye, ko kuma takardun ne suka manne. Wannan ya fi yawa da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau. Lanƙwasa damin ka bari gefen ya zube ta yatsa, ka daidaita shi a kan tebur kafin ka saka. Damina kuma da tata fitinar: rim ɗin da aka buɗe aka bari a ƙasa kusa da taga yana shan danshi, takarda ta fito a nannaɗe ko a yamutse, har wani lokaci ka ga tururi. A ajiye rim a cikin ledarsa a kabad, a riƙa ɗibar abin da za a buga a ranar. Masu sake amfani da bayan tsohuwar takarda, ba laifi ba ne, amma a cire ƙusar sitefila. Ita ce babbar mai yaga fiyuza.

Akwai wata maƙalewar da ba ta injin ba ce. Takardarmu A4 ce, milimita 210 da 297. Ta Amurka, Letter, 216 ce da 279, ta fi faɗi kuma ta fi gajarta. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite kan Letter, sai firinta ta tsaya tana neman takardar da babu ita a ofishin, ko ta datse ƙasan shafi. A sauya a Word, a sauya a saitin firintar ma.

Yanzu sai karatun shafi, kuma a nan ne ake ceton kuɗi. Buga shafi mai rubutu daga sama har ƙasa, ka kai shi wurin haske.

In ya dushe ko'ina daidai wa daida, duba saiti tukuna. HP na da EconoMode mai rage tona, kuma akan kunna shi a manta. In farin layi ne ya sauko daga sama zuwa ƙasa, a gefe ɗaya ko a tsakiya, yawanci tona ce ta ja baya. Zare katirij, karkata shi dama da hagu a hankali sau biyar ko shida, ba bugawa da tebur ba. In layin ya ɓace, an gano dalili, a shirya ɗuri. Kada lissafin kamfani ya rikita ka: katirij 12A an ce shafi 2,000, 85A kuma 1,600, amma da shafin da rubutu ya rufe kusan kashi 5 cikin 100 aka auna. Mai buga satifiket da hotuna da baƙin bango ba zai kai nan ba. In kuwa an sa wani katirij farin layin yana nan a wuri guda bai motsa ba, ƙura ce ta zauna a gilashi ko madubin lesa. A inda hazo ke shiga ta kowace kafa, wannan ba baƙon abu ba ne.

Baƙin layi siriri daga sama har ƙasa yana nufin an karce diram, ko reza mai share shi ta gaji. A firintocin Brother, inda tona da diram suke a rabe, akwai wata siririyar waya mai caja diram, da ɗan koren maɓalli a samanta. Ja shi dama da hagu sau da yawa don ya share wayar, sannan ka mayar da shi mazauninsa. Mantawa da mayarwar kanta tana jawo baƙin layi.

Tabon da ke maimaita kansa shi ya fi daɗin bincike. Ɗauko rula ka auna tsakanin tabo da tabo. Duk abin da ke juyawa yana buga aibinsa sau ɗaya a kowane zagaye, don haka tazarar ita ce tsawon kewayen mai laifin. A ƙananan katirij na HP, diram na da kaurin kusan milimita 24, wato tabonsa zai riƙa dawowa bayan kusan santimita 7 da rabi. A wasu katirij, in tazarar ta kusa santimita 4, rolar caji ce. Dukansu a cikin katirij suke, sauya shi ya wadatar. In tazarar ba ta yi daidai da ko ɗaya ba, zargi ya koma kan fiyuza ko wata rolar, kuma littafin gyaran kowace firinta yana da jadawalin waɗannan awo.

In har yanzu kana shakka, ga dabarar da masu gyara ke yi. Tura shafi, ka saurara, da takarda ta kai rabin hanya sai ka buɗe murfi, injin ya tsaya cak. Zare katirij ka dubi ɓangaren takardar da bai kai fiyuza ba. In aibin yana nan tun a gari, daga katirij ne ko lesa. In a nan shafin tsaf yake, sai bayan fiyuza yake ɓaci, ka san inda za ka nufa. Leƙa diram ma: in rubutu ya fito baƙi ƙirin a jikinsa amma takarda ta dushe, rolar da ke janyo gari ce ta gaza.

Shafi fari fat da sabon katirij, galibi ba a zare dogon tef ɗin da ke toshe tona ba. Shafi baƙi gaba ɗaya, diram bai samu caji ba, a duba ƙarafan da ke gefen katirij ko sun yi datti ko sun lanƙwashe. Rubutun da ke gogewa da yatsa bayan ya fito, ko fiyuza ba ta yin zafi sosai, ko an sa kati mai kauri ba a gaya wa firinta ba. A zaɓi takarda mai nauyi a saiti, za ta rage gudu don zafi ya ratsa.

Ɗurin tona ba abin kunya ba ne, da shi yawancin shaguna ke rayuwa. Amma a san wa ake kai wa. Kowane katirij na da ɗan rumbun da ke tara ragowar garin da reza ta share. Mai ɗurin da bai zubar da shi ba, nan da 'yan kwanaki za ka ga toka-toka a bayan rubutu da gari a cikin injin. Sannan gari ba ɗaya ba ne. Na tsofaffin katirij ɗin HP da Canon masu baƙi yana da sinadarin ƙarfe da maganaɗisu ke ja, na Brother ba shi da shi, cajinsa ma daban. Wanda ke ɗura wa kowa daga galan guda, araharsa ba ta ado. Diram da reza ma suna tsufa, ba a ɗura katirij ɗaya har abada ba a sauya su ba. In gari ya zube, a goge da busasshen tsumma, a tufa kuma a wanke da ruwan sanyi, domin ruwan zafi narkar da shi zai yi ya zauna. Kada a hura da baki.

Manyan firintocin HP masu allo suna ba da lamba. Wadda ta fara da 13 maƙalewar takarda ce, 41.3 girman takarda bai dace da saiti ba, 10 ba ta iya karanta ɗan cip ɗin katirij ba. Lamba 49 yawanci wani aiki ne ya rikita ta: cire kebul, kashe, share layin kwamfuta, kunna. Lamba 50 ta fiyuza ce. Kashe ta na kusan rabin awa, jona ta kai tsaye a bango a kan wuta mai ƙarfi, domin raunin wuta kaɗai na iya jawo ta. In ta dawo, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko ƙarar haƙoran giya suna cin juna, aikinka ya tsaya a nan. Tafi wurin mai gyara da katirij ɗin a ciki, da shafukan da suka ɓaci, da lambar a rubuce. In ya ce fiyuza ce, tambaye shi ko fatar kaɗai za a sauya ko dukanta, domin tsakanin kuɗin biyun akwai rata mai yawa.