Darasin Kiwon Kifi: Me Ke Lanƙwasa Bayan Tarwada?

Jama'a, darasinmu na wannan wata na masu kiwon tarwada ne a Gaya da Ajingi. Wani zai ga kifinsa yana ci amma ba ya girma. Wani zai ga bayan kifin ya lanƙwashe, ko ƙashin kansa ya tsage. Sai a ce sammu ne ko kambun baka. Sau da yawa rashin bitamin ne.

Mene ne bitamin?

Bitamin wani sinadari ne da ke cikin abinci. Kaɗan jiki yake bukata, amma idan babu shi sai ciwo ya shigo. Tarwadar kogin Wudil tana cin tsutsa da ƙwari da ƙananan kifi, tana samun bitamin a cikinsu. Ta cikin tankin siminti ko tamfol kuwa, ba ta da komai sai abin da ka zuba mata. Dusar masara da ƙuliƙuli suna cika ciki, amma ba su wadatar ba.

Alamomi

1. Rashin bitamin C: baya ya lanƙwashe, kai ya tsage, ciwo ya ƙi warkewa. Jikin tarwada ba ya yin wannan bitamin da kansa.
2. Rashin bitamin A: ido ya kumbura ya fito waje.
3. Rashin bitamin B1: kifi ya daina ci, ya riƙa tangaɗi a ruwa. Yawan ba shi ɗanyen kifi yana iya jawo haka.
4. Rashin bitamin E: jini ya ragu, tsoka ta yi rauni. Abincin da mansa ya yi ɗoyi shi ke kawo shi.

Zafi da laima

Bitamin C ba ya jure zafi da laima. Buhun da ya daɗe a ɗakin kwano cikin zafin Afrilu, ko ya sha danshi a Agusta, ya rasa ƙarfinsa ko da idonka bai gani ba. Kada arha ta ruɗe ka ka sayi tsohon buhu.

Abin yi

Duba ranar da aka rubuta a jikin buhu. Sayi wanda za ka ƙarar cikin wata 3. Ɗora shi kan katako, a inuwa. Idan kai ke haɗa abinci, sa garin bitamin na kifi bisa awon da ke jikin ledarsa, ka shanya abincin a inuwa mai iska. Zubar da duk wanda ya yi fumfuna.

Bayan da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa, kuma mai saye zai karya maka kuɗi. Gyaran abinci zai ceci sauran. Gurɓataccen ruwa ma yana sa kifi ciwo, don haka ka nuna wa malamin gona na KNARDA kafin ka sayi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa kifin tanki ya fi na kogi bukatar bitamin a abinci?
2. Rubuta abu 2 da ke lalata bitamin C.
3. A ina kake ajiye buhun abincin kifinka?