Yadda Mutum Ashirin da 'Yan Kai Ke Tafiyar da Jirgin Dakon Kaya

Da yawa daga cikin yadin da ke jibge a Kantin Kwari, da baburan da suka cika titunan Maraɗi, da kayan gyaran motar da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa, sai da suka shafe makonni a kan teku kafin su iso tudu. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, idan aka auna da nauyi, jiragen ruwa ne ke dakonsu. Abin da zai ɗaure wa mutum kai shi ne ƙarancin hannayen da ke wannan aiki. Jirgin Ever Given da ya tokare mashigin Suwez kwana shida a watan Maris na 2021 tsawonsa mita 400 ne, yana iya ɗaukar kwantena kusan 20,000 idan aka ƙirga da ƙananan kwantenoni, amma ma'aikatansa 25 ne kacal. Ra'ayina shi ne, abin da ke riƙe da irin wannan jirgi amana ce da aka raba gida-gida, kowa ya san tasa, ana kuma miƙa ta daga hannu zuwa hannu dare da rana ba tare da ta faɗi ƙasa ba. Wanda ya bi tafiya ɗaya daga lodi zuwa sauke kaya zai ga hakan da idonsa.

Matakin farko shi ne rabon aiki, kuma ana gama shi tun jirgi na ɗaure a tasha. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro ba su tashi ayari sai da madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da abin da za a tambaye shi. Haka jirgi yake, sassa uku gare shi. Akwai sashen tuƙi da lodi, inda ake da mataimakin kyaftin da jami'i na biyu da na uku, sai bosin, wato helman ma'aikatan sarari, da matuƙan da ke ƙarƙashinsa. Akwai sashen inji, ƙarƙashin babban injiniya, da injiniya na biyu da na uku da na huɗu, da mai kula da lantarki, da mai walda, da masu sa mai da goge inji. Sashe na uku shi ne madafa, mai kuku da yaronsa. Kyaftin ne a kan kowa, shi ne wakilin masu jirgi, shi doka ke kamawa idan an yi ɓarna. Babu mai hawa ɗaya daga cikin waɗannan kujeru sai da takardar ƙwarewa bisa yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda aka sabunta a Manila a 2010. Wannan ne ya sa ɗan Filifin da ɗan Indiya da ɗan Yukiren za su haɗu yau a jirgi mai tutar Laberiya ko Panama, gobe su kama aiki tare kamar sun shekara goma da sanin juna.

Mataki na biyu lodi ne, kuma wuyan mataimakin kyaftin yake rataye. Ma'aikatan tasha ne ke ɗaga kaya da ƙugiyoyinsu, amma shi ke duba tsarin da aka aiko masa daga ofis, ya yarda ko ya ƙi. Kwantena masu nauyi ƙasa suke zama, marasa nauyi a sama. Wanda za a sauke a tashar farko ba a binne shi ƙarƙashin na tashar ƙarshe. Kayan da ke iya kamawa da wuta ko fashewa ana nisanta su da juna da kuma ɗakunan kwana, masu sanyi kuwa, irin na kifi da magani, sai inda za a jona musu wuta. Yayin da kaya ke shiga, yana ɗura ruwan teku a wasu tankuna yana zuƙe shi daga wasu, domin kada jirgi ya karkata ko gadon bayansa ya lanƙwashe. A gefen kowane jirgi akwai zanen da ake kira layin Plimsoll, sunan ɗan majalisar Ingila Samuel Plimsoll wanda fafutukarsa ta haifar da dokar 1876, kuma idan ruwa ya haura wannan layi, lodi ya wuce ƙima. Duk lissafin nan ya dogara ga gaskiyar nauyin da mai kaya ya rubuta, shi ya sa daga 1 ga Yuli 2016 ba a ɗora kwantena sai an tabbatar da nauyinsa. Bayan haka matuƙa su bi layi-layi suna duba makullai da sandunan ƙarfen da aka ɗaure kaya da su.

Mataki na uku shi ne shirin tashi. Jami'i na biyu ke zana hanya a taswirar kwamfuta, tun daga bakin wannan tasha har bakin waccan, ya nuna wuraren da ruwa ba shi da zurfi, da inda za a juya, da inda za a fake idan teku ta ɓaci. Kyaftin ya duba ya sa hannu. Cikin awa 12 kafin tashi dole a gwada na'urar da ke juya akalar jirgi, a kuma gwada rediyo da rada da fitilu da ƙaho. Mai ganin wannan a matsayin ɓata lokaci ya tuna da Herald of Free Enterprise, jirgin fasinja da motoci da ya bar Zeebrugge ta Beljiyam ranar 6 ga Maris 1987 ƙofar gabansa a buɗe. Mataimakin bosin da ya kamata ya rufe ta barci yake yi, jami'in da ya kamata ya tabbatar ya bar wurin da zaton an zo rufewa, kyaftin kuma ya ɗauka shiru alama ce ta lafiya. Mutum 193 suka rasu. Daga wannan musiba aka samo ƙa'idar ISM, wadda ta wajabta wa kowane kamfani rubuta wa zai yi me, wa kuma zai tabbatar an yi.

Mataki na huɗu fita daga tasha ne, lokacin da kusan kowa ke tsaye. Jagoran tasha, wanda ya san zurfin mashigin kamar tafin hannunsa, yana hawowa ɗakin tuƙi, amma shawara yake bayarwa, alhaki na nan kan kyaftin, in ban da wurare ƙalilan irin mashigin Panama. Jami'i ɗaya na goshin jirgi, ɗaya na baya, kowanne da 'yan tawagarsa suna kwance igiyoyi, ƙananan jiragen ja kuma na turawa suna ja. Igiyar nan kaurinta ya kai dantsen ƙato, idan ta tsinke tana ɗaure takan dawo da ƙarfin da zai kashe mutum nan take, don haka helma ba ya barin kowa ya tsaya a hanyarta. Duk umarnin da aka ba mai riƙe da sitiyari sai ya maimaita shi da baki, ya aikata, sannan ya sake faɗa cewa ya aikata. Ba a yarda da gyaɗa kai.

Mataki na biyar, wanda shi ne ƙashin bayan zancen, gadi ne. Da an shiga tsakiyar teku, sai a raba yini da dare kashi shida. Jami'i na biyu ke riƙe da 12 zuwa 4, mataimakin kyaftin 4 zuwa 8, jami'i na uku 8 zuwa 12, kowannensu sau biyu a yini, da dare kuma ana haɗa shi da matuƙi mai sa ido. Yadda ake miƙa gadin shi ne abin lura. Mai karɓa yakan hau da ɗan sauran lokaci, ya tsaya har idonsa ya saba da duhu, ya karanta umarnin dare da kyaftin ya rubuta, ya duba inda jirgi yake da inda ya dosa, da jiragen da ke kusa da abin da kowannensu ke yi. Idan ana tsakiyar kauce wa wani jirgi, ba a miƙawa sai an gama. Idan mai bayarwa ya ga alamar maye ko gajiya ko rashin lafiya a jikin mai karɓa, doka ta hana shi miƙawa, kyaftin zai kira. Sai mai karɓa ya furta cewa ya karɓa, sannan nauyin ya sauka daga wuyan ɗan'uwansa. A tafiyar sama da wata guda daga Shanghai zuwa Legas ta ƙasan Afirka ta Kudu, za a yi wannan miƙa-hannu kusan sau ɗari biyu, kuma sakaci a guda ɗaya ya isa.

Ƙasa can, a ɗakin inji, wata duniyar ce mai zafi da ƙara. Babban injin tsayinsa ya kai bene mai hawa uku ko huɗu, ba shi da giya, kai tsaye yake juya farfela, kuma idan ana son ja da baya sai a tsayar da shi a tayar da shi ta ɗaya ɓarin. Da iska mai matsi ake tayar da shi. Baƙin man da jirage da yawa ke sha kaurinsa kamar kwalta, sai an tace shi an dafa shi ya haura digiri 100 kafin ya ƙonu. Janaretoci ke ba da wuta, wata na'ura kuma na mayar da ruwan gishiri ruwan sha. Injiniya na biyu ke raba aikin yini da safe. A jiragen zamani ba a kwana a ɗakin inji, amma injiniyan da ke da duti yana kwana da ƙararrawa a ɗakinsa, da ta kaɗa zai sauka. Babu gareji a tsakiyar teku, abin da ya lalace su ne za su kwance shi su gyara. A sama kuma helma da mutanensa na fama da tsatsa, suna kankarewa suna fenti, domin ruwan gishiri ba ya hutu. Jami'i na uku na duba kwale-kwalen ceto da kayan kashe gobara, kowane wata kuma ana atisayen gobara da na barin jirgi, inda har kuku yana da wurin tsayuwarsa.

Wani zai ce duk wannan ado ne, jirgi na kyaftin ne, maganarsa ce yanka. Gaskiya ne cewa a lokacin haɗari murya ɗaya ake bi. Sai dai abin da ya sami El Faro, jirgin dakon kaya na Amurka da ya nutse ranar 1 ga Oktoba 2015 da mutum 33, ya nuna iyakar wannan magana. Na'urar naɗar murya da aka tsamo daga ƙasan teku ta nuna jami'i na uku da jami'a ta biyu sun kira kyaftin cikin dare suna nuna damuwa kan guguwar Joaquin tare da shawarar sauya hanya, bai ɗauka ba. Masu gadi sun riƙe tasu amanar, a sama ta tsinke. Ikon kyaftin yana da amfani ne gwargwadon yadda kunnensa ke buɗe ga na ƙasa da shi, shi ya sa yanzu ake horar da ƙananan jami'ai su faɗi abin da suka gani ƙarara, ko da ran babba zai ɓaci.

Wani kuma zai ce na'ura ta kusa raba mutane da wannan aiki, ya kawo misalin Yara Birkeland na Norway, wanda aka ƙera domin ya tuƙa kansa. Amma wannan ƙaramin jirgi ne mai ɗaukar kwantena 120, mai gajeriyar hanya a gaɓar ƙasa ɗaya. Na'ura takan riƙe hanya fiye da hannun mutum, amma ita ma takan mutu. Ranar 26 ga Maris 2024 wutar jirgin Dali ta ɗauke yana fita daga Baltimore, ya daki gadar Francis Scott Key, ma'aikatan hanya shida suka mutu. Abin da ya hana adadin haura haka shi ne kiran gaggawar da jagororin tasha suka yi, wanda ya ba 'yan sanda damar tare motoci kafin gadar ta rufta.

Suka mafi nauyi ita ce cewa tsarin ya fi kyau a takarda. Doka ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 cikin mako, amma jirgin da ke shiga tasha uku cikin kwana huɗu da mutum ashirin da wuya ya cika wannan, wani lokaci takardar hutu kawai ake cikewa. A 2020, lokacin korona, an ƙiyasta ma'aikatan jirage kusan 400,000 sun maƙale a teku bayan ƙarewar kwantiraginsu, duk da yarjejeniyar MLC ta 2006 da ta hana riƙe mutum har shekara guda. A shekarar dai, cikin ma'aikata 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin Gini aka ɗauke su. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai wannan suka tana ƙarfafa maganata ne, domin idan lafiyar jirgi ta rataya ga idon mai gadi, to duk kamfanin da ya rage hannaye don rage kashe kuɗi, igiyar da ke riƙe da dukiyarsa yake tsinkawa zare-zare.

Mataki na ƙarshe shi ne isowa. A wajen Apapa ko Kwatano ko Lome, jirgi kan jefa anga ya jira layi, wani lokaci kwanaki, ana gadin ɓarayi ana gadin angar kanta kada ta ja. Jagora ya hau, a ɗaure igiyoyi, jami'an kwastan da na shige-da-fice da na lafiya su bi takardu, mataimakin kyaftin ya koma lissafin nauyi, wannan karon a juye. Wanda wa'adinsa ya cika, bayan wata huɗu ko shida ko tara, ba ya sauka sai ya rubuta wa magajinsa bayanin komai, ya zaga da shi ya nuna masa famfon da ke yoyo da injin da ke da halin tsiya. Kafin tirelar da ta ɗauki kwantenan Kantin Kwari ta iso Kano, jirgin ya riga ya ɗauki wani lodin ya koma teku, kuma da ƙarfe huɗu saura na asuba wani mutum na tsaye a ɗakin tuƙi yana jiran idonsa ya saba da duhu kafin ya ce ya karɓa.