Yadda Kwamfuta Biyu Ke Zance da Hasken Infared: Darasi a Kan Soket

1.0 Gabatarwa

Gardama ce ta haifar da wannan maƙala. An ba mu aikin gida a darasin fassara, aka ce kowa ya zaɓi wani fanni na kimiyya ya yi bayaninsa da Hausa. Da na gaya wa abokin ɗakina, wanda ke karanta kimiyyar kwamfuta, sai ya yi dariya, ya ce Hausa ta isa tatsuniya da waƙa, amma ba za ta ɗauki darasin rubuta manhaja ba. Ni ba a nono na sha Hausa ba, a aji na koye ta, kuma ita nake fatan ci da ita bayan kammala karatu. Saboda haka maganar ta tsaya mini a rai. Na ce ya zaɓi darasin da ya ga dama. Ya zaɓi yadda ake haɗa kwamfuta biyu ta hasken infared da taimakon soket. Muka samo tsofaffin kwamfutocin cinya biyu masu Windows XP, ya koya mini, muka gwada. Abin da na fahimta shi ne zan kawo a nan.

2.0 Mene ne Infared?

Infared haske ne da idon ɗan'adam ba ya gani, domin yana gaba da launin ja a jerin launukan bakan gizo. William Herschel ne ya gano shi a shekarar 1800 a Ingila. Da shi rimot ke yi wa talabijin magana, sai dai rimot faɗa kawai yake yi, ba ya jiran amsa. Domin na'urori su yi zance na ba-ni-in-ba-ka, sai kamfanoni suka kafa ƙungiyar IrDA a shekarar 1993, ta tsara ƙa'idojin da kowa zai bi.

Ƙa'idojin sun tanadi cewa tazarar na'urorin kada ta wuce mita 1, kuma tagoginsu na haske su fuskanci juna, karkatar ba ta wuce digiri 15 ta kowane ɓangare ba. Saurin farko ya tsaya a bit 115,200 cikin sakan ɗaya, daga baya aka kai shi bit miliyan 4. A saurin farko kowane bayit yana cin bit 10 a hanya, wato bayit 11,520 ke nan a sakan. Ashe hoto mai bayit miliyan 1 zai ɗauki kusan minti ɗaya da rabi, in komai ya tafi daidai. Waɗanda suka riƙe waya irin Nokia 6600 ta shekarar 2003 za su tuna yadda ake jera wayoyi biyu a kan tebur, a hana kowa taɓawa har saƙo ya wuce.

3.0 Ma'anar Soket

Bahaushe ya san soket na bango, inda ake cusa fulogi a sami wuta ba tare da an san yadda aka ja waya daga tiransifoma ba. Soket na manhaja ma haka yake. Kafa ce da babbar manhajar kwamfuta ke buɗe wa mai rubuta manhaja, ya zuba saƙo a ciki ko ya ɗebo, ita kuma ta ji da wahalar isarwa. An fara fitar da wannan tsari a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka a shekarar 1983, kuma nau'insa na Windows shi ake kira Winsock.

A kowace sadarwa ta soket akwai ɓangare biyu. Wanda ke zaune yana jiran a zo masa na kira shi mai masauki, wanda ke zuwa nema kuma na kira shi baƙo.

4.0 Ladubban Zancen

Mu ɗaliban harshe mun san cewa zance yana da ƙa'ida: sallama, gaisuwa, karɓa-karɓa, sannan ban-kwana. Ƙa'idojin IrDA ma hawa-hawa suke:

(a) IrLAP ita ce mai kula da sallama da karɓa-karɓa. Na'ura ba ta iya aikawa da karɓa a lokaci guda, domin haskenta kan kashe mata ido. Don haka ɗaya ke zama jagora, tana ba ɗayar dama, kuma ba wadda ke riƙe magana fiye da rabin sakan. Kullum a saurin bit 9,600 ake fara gaisawa, sannan su daidaita a kan saurin da duka biyun za su iya.

(b) IrLMP ita ke ba manhajoji da yawa damar amfani da hanya ɗaya. A cikinta akwai wata rajista mai suna IAS, inda kowace hidima ke ajiye sunanta.

(c) TinyTP ita ke hana mai aikawa yi wa mai karɓa ambaliya. Sai mai karɓa ya ce yana da wuri ake ƙara masa.

Mai rubuta manhaja ba ya taɓa waɗannan da hannunsa, soket ke tsaya masa. Amma sanin su ne zai sa ya gane dalili in abu ya ƙi.

5.0 Matakan Mai Masauki

Sunayen umarni ba a fassara su, domin haka na'ura ta san su, kamar yadda ba a fassara sunan mutum. A harshen C a kan Windows, bayan an sa fayil ɗin af_irda.h, ga matakan:

1. WSAStartup: a tayar da Winsock.
2. socket: a buɗe kafa, a faɗa mata danginta AF_IRDA ne, nau'inta kuma SOCK_STREAM.
3. bind: a raɗa wa hidimar suna. Gurbin sunan bayit 25 ne, na ƙarshe kuma alamar rufewa ce. Mu mun sa wa tamu suna Zaure.
4. listen: a kasa kunne. A wannan gaɓa sunan ya riga ya shiga rajistar IAS.
5. accept: a karɓi baƙo. Wannan umarni kan ba da sabon soket na zance da wannan baƙon kaɗai, na farkon kuma ya ci gaba da tsaron ƙofa.
6. recv da send: a karɓa, a mayar da amsa.
7. closesocket: ban-kwana.

6.0 Matakan Baƙo

A nan ne infared ta bambanta da intanet. A intanet baƙo yana zuwa da adireshi da lambar ƙofa a hannu. A infared kuwa bai san wa zai tarar ba, sai ya tambaya wa ke kusa. Bayan ya buɗe soket, zai kira getsockopt tare da SOL_IRLMP da IRLMP_ENUMDEVICES. Amsar ita ce jerin na'urorin da aka hango, kowace da laƙabinta da lambarta mai bayit 4. In jerin ya dawo babu kowa, sai a ɗan jira a sake tambaya. Bai kamata a adana lambar don gobe ba, domin tana iya canzawa.

Daga nan sai ya cika SOCKADDR_IRDA da abu uku: dangi, lambar na'ura, da sunan hidima. Sai ya kira connect. Babbar manhaja za ta duba rajistar ɗaya na'urar, in ta sami Zaure a ciki sai ta haɗa su. Dole rubutun sunan ya zo daidai a ɓangarorin biyu. Sauran aikin send da recv ne da closesocket, kamar na mai masauki.

7.0 Inda Muka Yi Tuntuɓe

Tuntuɓe na farko mai sauƙi ne. Na miƙa hannu zan ɗauki biro, sai na tare hasken. Hanyar ba ta yanke nan take ba, domin na'urorin kan yarda tun farko a kan lokacin haƙuri, tsakanin sakan 3 zuwa 40. In ya cika ba a ji juna ba, sai recv ya dawo da kuskure. Saboda haka wajibi ne a duba amsar kowane umarni.

Na biyu shi ya fi shafar mu. Na aika jimlar Hausa mai tsawo, sai wata kalma ta fito da tarkace a madadin ƙ. Abokina ya ce ga shi nan, Hausa ta ƙi. Da muka bincika, sai muka ga laifin manhajarmu ne. A tsarin UTF-8, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kowanne bayit 2 yake ci. Kalmar ƙwarai haruffa 6 ce amma bayit 7. Shi kuwa SOCK_STREAM kamar ruwan famfo yake, bai san iyakar kalma ba, kuma recv na iya kawo rabin saƙo. Mazubin da muka tanada ya cika ne daidai tsakiyar ƙ, muka nuna rabin harafi. Maganin shi ne mai aikawa ya fara faɗin adadin bayit ɗin saƙon, mai karɓa kuma ya yi ta kiran recv har adadin ya cika kafin ya nuna komai. A ƙirga bayit, kada a ƙirga haruffa. Da muka gyara, jimlar ta iso lafiya.

8.0 Kammalawa

Zamanin IrDA ya wuce. Bluetooth da Wi-Fi sun maye gurbinta, domin ba sa bukatar na'urori su kalli juna, kuma Linux ta cire ta gaba ɗaya a shekarar 2018. Amma matakan socket da bind da listen da accept da connect su ne dai ake bi a intanet, don haka wanda ya gane su a nan ya gane su a can. Matsalar haruffa masu lanƙwasa ma tana jiran duk wanda zai rubuta manhajar da ke ɗaukar Hausa.

Abokina bai ce na yi nasara ba, amma yanzu shi ma mai masauki da baƙo yake cewa. Kalmomin da na ƙirƙira shawara ce kawai. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwa waɗanda suka fi ni jin harshen su gyara inda na kauce, kuma kowa ya ɗauki darasi ɗaya daga wani sashe ya gwada shi da Hausa a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.