Ruwan Wankan Mai Ciwon Daji: Yadda Za A Gyara Shi A Gida Da Kuɗi Kaɗan

Maganin kemo yana rage fararen ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. A wannan tsakanin, ruwan da mutanen gida ke wanka da shi lafiya lau yana iya kwantar da majinyaci, musamman mai miki, ko ɗinkin tiyata, ko robar da aka sa masa a jijiya.

1. A fara kwantar da dauɗa. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa in ya zo gurɓatacce, a kaɗa ɗan guntun alif a ciki a cire, ko a zuba garin ƙwallon zogale. In laka ta kwanta, a tsiyaye na sama. Kada a zabga alif, yana busar da fata.

2. A tace da ƙyalle. Tsohon zanen auduga mai tsabta, a ninka shi huɗu, a ɗaure a bakin bokiti. Kada a raina wannan dabara: wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa a ƙauyukan Bangladesh da mata ke tace ruwa da ninkakken zanensu, kwalara ta ragu da kusan rabi. Bayan an gama a wanke zanen a shanya shi a rana.

3. A kashe ƙwayoyin cuta, domin tacewa ba ta kashe su. Ruwa ya tafasa sosai na minti ɗaya. Wurin sirkawa ne akasari ake ɓata aikin: a tafasa tukunya guda, sannan a sirka da ɗanyen ruwan randa. An koma gidan jiya ke nan. Ko dai a bar shi ya huce da kansa, ko a sirka da wanda aka riga aka gyara. In gawayi ko gas ya yi tsada, a sa WaterGuard ko Aquatabs bisa awon da ke jikin kwalin, a jira minti 30. Sinadarin kulorin da ke cikinsu ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, shi ya sa matakai biyun farko suka zo gaba.

4. Ni ban ga dalilin gaggawar sayen matatar da ake ɗaurawa a kan shawa ba. Yawancinsu kulorin da wari suke ragewa, ba ƙwayoyin cuta ba, kuma in ta daɗe ba a sauya ba ita kanta takan zama matattarar cuta. Tankin sama da ke shan rana shi ne abin lura, don ƙwayar Legionella mai kawo ciwon huhu tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 45, kuma shaƙarta ake yi a feshin shawa. A ranakun da jini ya yi ƙasa, bokiti da kwano sun fi aminci. Tankin kuma a riƙa wanke shi, a rufe bakinsa.

5. A ware wa majinyaci bokitinsa mai murfi, da sosonsa da tawul. Ruwan kada ya kwana.

6. Wanda ake yi wa gashi da na'ura, fatar wurin takan yi laushi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu marar turare, ba dirza. A danna tawul a hankali, kuma kada a goge alamar da ma'aikatan asibiti suka zana. Robar jijiya da bandejinta a rufe su da leda kada ruwa ya taɓa su, ko da gyararre ne. In sun jiƙe, a je a sauya.

7. In zafin jiki ya kai digiri 38, ko aka ga rawar ɗari, ko miki ya yi ja yana ruwa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce sai gari ya waye.