Kafin Ka Sayi Talabijin Mai 4K Don Buga Gem

Duk ranar Laraba da kasuwar Oil Mill ta ci a Rumukwurushi da ke Fatakwal, akwai matashin da zai tashi da ribarsa a aljihu, zuciyarsa na kan ƙatuwar talabijin mai 4K don buga ƙwallo a PlayStation. Ɗan'uwa, kafin ka zaro kuɗin nan, fara duba na'urar da ke ɗakinka.

4K na nufin ɗigon hoto 3840 a kwance, 2160 a tsaye, ninki huɗu na 1080p. Sai dai talabijin abin da aka turo mata take nunawa. PS4 ta farko, wadda ta fito a 2013, iyakarta 1080p. In ita gare ka, hoton kawai za a miƙar ya cika fuskar. PS4 Pro da PS5 ne ke fitar da 4K. Ko da su ɗin ma, akwai maganar tazara: mai inci 43 da za ka zauna mita 3 nesa da ita, da wuya idonka ya ga bambanci. Daga inci 55 zuwa sama, kana kusa, nan kuɗinka zai fito.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da jinkiri. Ka danna maɓalli, sai an ɗan jima ɗan wasanka ya saki ƙwallo, abokin karawarka ya riga ya ƙwace. Talabijin mai Game Mode tana rage wannan, kuma rage jinkirin ya fi kaifin hoto amfani ga mai wasa nesa ba kusa ba. Masu araha galibi 60Hz ne, sun wadatar da ƙwallo. Mai neman 120Hz a 4K kuwa sai ya samu mai ramin HDMI 2.1, da tsadarta.

Kada rubutun jikin kwali ya ɗauke ka, musamman a kan 'yar tokunbo. Je da na'urarka da wayar HDMI, a jona a gabanka. PS5 tana nuna ainihin abin da talabijin ke karɓa a saitinta. Sa farin hoto ka nemi tabo ko layi. Cunkoson Laraba ba ya ba da wannan natsuwar, don haka gara shago mai rasit da garanti, a nan Fatakwal ko a Onica.

Mai PS4 ta farko ya sayi mai 1080p mai kyau, ya sa ragowar kuɗin a sitabilaiza, domin wuta mai hawa da sauka da ƙaramin janareta suna iya ƙone allon talabijin a dare ɗaya.