Hitar Mota Ba Ta Ɗumi? Fara Duba Ruwan Inji

Da zarar hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ƙorafi ɗaya ke yawaita a garejinmu, musamman daga direbobi masu sammako zuwa Jos ko Zariya: "Malam, hita ba ta yi," ko kuma "tana yi tana ɗaukewa." Da yawa suna ɗauka matsalar wuta ce. A mota mai amfani da fetur ko dizal, ɗumin daga ruwan inji yake fitowa. Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod, ruwan zafi na ratsa shi ta tiyo biyu, fanka kuma ta hura iska a kansa zuwa cikin mota. Saboda haka idan hita ta raunana, sau da yawa hanyar ruwan ce ba lafiya.

Abin da na fi cin karo da shi shi ne tamostat da aka cire. Mota 'yar Kwatano tana isowa sai a ce wa mai ita ai wannan na ƙasar sanyi ne, a zare shi a jefar. Wannan kuskure ne. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe masa hanya zuwa babban lagireto. In babu shi, ko ya maƙale a buɗe, inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai. Za ka ga allurar zafi ta kwanta a ƙasa idan ka miƙe hanya, hita na hura iska mai ɗumi-ɗumi, mota kuma ta ƙara shan mai.

Na biyu, ƙarancin ruwa ko iska da ta shiga hanyarsa. Alamarsa a fili take: idan ka taka totur sai ɗumi ya zo, ka tsaya a silo sai ya ɗauke. Wani lokaci har za ka ji ƙarar ruwa a bayan dashbod. Famfon ruwa da ya gaji ma kan yi haka. Ruwan inji ba ya ƙarewa haka kawai. In kana ƙari kullum, akwai inda yake yoyo, ko gaskit ya fara ƙonewa.

Na uku, toshewa. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa zalla yana kawo tsatsa da daskararren gishiri, kuma hanyoyin ƙaramin lagireton sirara ne ƙwarai, su ne ke fara toshewa.

Ga gwajin da muke yi kafin mu kwance komai. A bar inji ya yi zafi, a kai hita ƙarshe, a taɓa tiyo biyun da suka shige jikin mota ta bayan inji, da hattara. In duka biyun ba zafi, a nemi tamostat ko ƙarancin ruwa. In ɗaya na zafi ɗaya da sanyi, toshewa ce, sau da yawa wanki da ruwa ta baya yana buɗe ta. In duka suna zafi amma cikin mota sanyi, to ƙyauren da ke gauraya iskar zafi da ta sanyi ne ya tsaya. In kuwa iskar ce ba ta fitowa da ƙarfi, a duba matatar iska da fis da fankar kanta.

Idan ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, gilashin gaba na yin hazo mai maiƙo, ko kafet ya jiƙe ta gaba, ƙaramin lagireton ya fashe. Haɗe tiyo biyun a kewaye shi dabarar isa gida ce kawai.

Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan kan yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Ruwan sanyaya inji kuma guba ne, a nisanta shi da yara da dabbobi.

'Yan'uwa direbobi, ku mayar da tamostat, ku zuba ruwan da kamfanin motar ya ce, ku riƙa kunna hita na 'yan mintuna ko da bazara. Hitar da ta raunana gargaɗi ce. Wanda ya duba da wuri ya tsira daga kuɗin gyaran inji.